Muhawara: Kisan Stephen Lawrence da shekara 18 na jiran hukuncin kotu

Mazaunin Landan:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. A makon jiya wata hidima ta kai ni unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan, da na gama abin da ya kai ni sai na taka a ƙasa zuwa titin Well Hall, domin na daɗe ina son ganin wurin da Stephen Lawrence ya faɗi. Abin da ke wurin ɗan allon dutse ne da aka dasa a cikin daɓen gefen titi, wanda in mutum bai sunkuyar da kai ba zai iya taka shi ya wuce. Na tarar da furanni sun fara bushewa a gefensa, wata mata kuma ta kauce da keken jaririnta don kada ta bi ta kansa. Na jima a tsaye ina tunanin ɗana, wanda bana ya cika shekara 18, kuma shi ma yakan tsaya jiran bas da dare.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, Stephen yaro ne baƙar fata, ɗan shekara 18, iyayensa Neville da Doreen 'yan asalin Jamaika ne, kuma burinsa shi ne ya zama mai zanen gine-gine. A daren 22 ga Afrilun 1993 yana jiran bas tare da abokinsa Duwayne Brooks, sai wasu samari fararen fata su biyar ko shida suka tsallako titi, ɗayansu ya jefe su da zagin da ake yi wa baƙar fata, suka rufe Stephen, suka daɓa masa wuƙa sau biyu. Ya yi gudun kusan yadi 130 jini na zuba kafin ya faɗi. Bai san su ba, ba su san shi ba, babu wata magana da ta taɓa haɗa su. Ba a sami kowa da laifin kisan nan ba sai ranar 3 ga Janairun 2012, kuma mutum biyu kacal aka hukunta, Gary Dobson da David Norris. Abin da nake son mu tattauna shi ne, shin hukuncin da ya zo bayan shekara 18 da wata 8, ya kuma bar yawancin makasan a waje, za mu iya kiransa adalci?

Ɗan Sanda Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya maka ɗanka, ya tsare shi. Na yi shekara 30 ina aikin binciken manyan laifuka, shi ya sa nake son in fara da jan hankali kafin zukata su ɗauki zafi. Sanin wanda ya aikata laifi daban, tabbatar da shi a gaban alƙali daban. Sau da yawa duk unguwa ta san wanda ya yi kisa, amma ranar da aka nemi wanda zai dafa littafi ya rantse, sai ka nemi kowa ka rasa. Jinkiri kaɗai ba ya nuna mugun nufi, kuma kotun da za ta ɗaure mutum a kan raɗe-raɗin unguwa ta fi mai jinkiri haɗari.

Mazaunin Landan:
Ranka ya daɗe, na yarda da ƙa'idar da ka kawo, sai dai a wannan shari'ar ba shirun unguwa ne ya jawo jinkirin ba, domin unguwar ta yi magana. A cikin kwanakin farko bayan kisan mutane da dama sun kai wa 'yan sanda sunayen samarin da ake zargi, wasu ta waya, wasu a rubuce, har an bar wasiƙa a rumfar wayar tarho, an maƙala wata a gilashin motar 'yan sanda. Duk da haka sai da aka yi mako biyu ba a kama kowa ba. A cikin waɗannan kwanaki, masu sa ido na 'yan sanda sun ga ana fita da kaya a baƙar ledar shara daga gidan wasu daga cikin waɗanda ake zargin, amma ba a bi ledar ba, ba a san abin da ke cikinta ba har yau. Kamen farko ya zo ne ranar 7 ga Mayu, kwana ɗaya bayan Nelson Mandela ya gana da iyayen yaron a Landan. A watan Yuli kuma ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati ya janye tuhumar da aka yi wa biyu daga cikinsu, ya ce hujja ba ta isa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ɓata rai. 'Yan sandan da suka fara isowa wurin ba su ba Stephen taimakon gaggawa ba, Duwayne kuwa, wanda ya tsira da ƙyar kuma ya ga abokinsa yana mutuwa, sai aka riƙa mu'amala da shi kamar wanda ake zargi. Kuma ba a ce wannan ne karon farko a yankin ba, domin an kashe Rolan Adams a Thamesmead a 1991, an kashe Rohit Duggal a Eltham ɗin nan a 1992.

Ɗan Sanda Mai Ritaya:
In haka ne, Alhaji, na janye rabin maganata. Duk wanda ya taɓa binciken kisa ya san kwana biyun farko su ne shari'ar baki ɗaya. A lokacin ne jini bai gama fita daga tufafi ba, wuƙa ba ta yi nisa ba, waɗanda ake zargi ba su zauna sun haɗa baki a kan labari ɗaya ba. Jami'in da ya ga ana fita da leda daga gidan wanda ake zargi ya bar ta ta tafi, ya zubar da hujjar da ba za ta dawo ba. Amma rabin da ban janye ba shi ne wannan: mene ne ya tabbatar da cewa wariyar launin fata ce, ba sakaci da rashin iya aiki ba? Na ga an lalata bincike da yawa alhali mai binciken da mamacin launinsu ɗaya.

Ɗalibar Shari'a:
Baba, ka ba ni dama in amsa wannan, domin tambayarka ita ce ainihin abin da kwamitin bincike na Sir William Macpherson ya zauna a kai. Sakataren harkokin cikin gida Jack Straw ne ya kafa kwamitin a Yulin 1997, rahotonsa kuma ya fito a Fabrairun 1999 da shawarwari 70. Rahoton bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Ya ce abubuwa uku ne suka haɗu suka lalata binciken: rashin ƙwarewar aiki, da gazawar manyan jami'ai wajen jagoranci, da wariyar launin fata da ta yi kanta a cikin tsarin rundunar. A kan rashin ƙwarewa, babban jami'in da ya jagoranci binciken tsawon watanni ya amsa a gaban kwamitin cewa bai fahimci dokar da ta ba shi ikon kama mutum a kan zargi mai tushe ba.

Na ukun ne mutane suka fi kasa fahimta. Ba a ce kowane ɗan sanda yana ƙin baƙar fata a zuciyarsa ba. Abin da ake nufi shi ne, hukuma tana iya gaza yi wa mutane aiki yadda ya kamata saboda launinsu ta hanyar zato da al'adar aiki da ba wanda ya tsaya ya bincika. Jami'in da ya ga yaro baƙar fata kwance cikin jini, tunaninsa na farko ya tafi ga faɗan 'yan daba, to daga wannan zato ne komai zai karkace: abokin yaron ya koma abin tuhuma, iyayen su koma masu takura, sunayen da aka kawo su kwana a cikin fayil. Akwai jami'an da suka yi aikin binciken da har a gaban kwamitin suka ƙi amincewa cewa wariya ce zalla ta jawo kisan.

Tsohon Rajistaran Kotu:
'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Ni wurin da nake da damuwa daban ne, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Da gwamnati ta ƙi gurfanar da kowa, iyalan sun shigar da ƙarar kisa da kansu, shari'ar ta zo kotun Old Bailey a Afrilun 1996, alƙali ya ƙi karɓar shaidar Duwayne ta gane fuskokin maharan, aka sallami mutum uku, ciki har da Gary Dobson. A dokar Ingila ta lokacin, wadda ta kai kimanin shekara 800, wanda kotu ta wanke ba a sake gurfanar da shi a kan laifin nan har abada. Sai da aka sauya wannan doka a 2003, ta fara aiki a 2005, sannan aka iya dawo da Dobson. Mu ma mun gaji wannan kariya, tana nan a sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Na yi shekaru ina kallon fuskokin talakawan da aka sallama bayan sun daɗe a tsare, na san abin da kalmar "an wanke ka" take nufi ga mutum. In aka buɗe ƙofar sake shari'a saboda mugu ɗaya, wa ya tabbatar mana gwamnati ba za ta bi ta ƙofar nan ta ci gaba da jan wanda ba ta so zuwa kotu har sai ta sami hukuncin da take nema ba?

Ɗalibar Shari'a:
Baba, tsoron naka yana da tushe, kuma manyan lauyoyi a Birtaniya sun faɗi irinsa a lokacin. Sai dai ƙofar da aka buɗe ƙarama ce. Dole laifin ya zama babba irin su kisa, dole a kawo sabuwar hujja mai ƙarfi wadda ba ta gaban kotu a shari'ar farko, dole babban mai gabatar da ƙara na ƙasa ya amince, sannan kotun ɗaukaka ƙara ce kaɗai za ta soke wankewar, kuma sau ɗaya ake yi. Ba don Stephen kaɗai aka yi sauyin ba, akwai wata uwa, Ann Ming, da ta yi shekaru tana fafutuka bayan wanda aka wanke daga kisan 'yarta ya fito ya amsa laifinsa, kuma shi ne mutum na farko da aka hukunta da sabuwar dokar a 2006.

Hujjar da ta dawo da Dobson kuwa ba shaidar baki ba ce. Da aka sake duba tufafin da aka karɓe tun 1993 da sababbin na'urori, an gano ɗigon jinin Stephen a wuyan rigar sanyin Dobson, ɗigon da bai kai milimita ɗaya ba, tare da zaren tufafin Stephen, sannan aka sami gashinsa a jikin wandon David Norris. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wankewar Dobson a 2011, aka fara shari'a a watan Nuwamba. Lauyoyinsu sun ce kayan sun gauraya ne a wurin ajiya tsawon shekaru, amma masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ba su gamsu da wannan ba. An yanke wa Dobson aƙalla shekara 15 da wata 2, Norris kuma shekara 14 da wata 3, kuma hukuncin bai kai yadda mutane suka zata ba saboda doka ta tilasta a ɗauke su a matsayin yaran da suke ranar kisan, ɗan shekara 17 da ɗan shekara 16.

Malamar Tarihi:
Baba Rajistara, da girmamawa, ina son in nuna maka ɗaya fuskar wannan kariya da kake karewa. A watan Agustan 1955 an sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da ya zo hutu jihar Misisipi ta Amurka daga Chicago, aka azabtar da shi, aka harbe shi, aka jefa gawarsa a kogi, saboda an ce ya yi wa wata farar mace rashin kunya. Maza 12, dukkansu fararen fata, suka wanke mutum biyun da aka tuhuma, Roy Bryant da J. W. Milam, bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Bayan wata huɗu mutanen nan biyu suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka kashe shi, suka karɓi kuɗinsu, suna sane da cewa doka ta hana a sake taɓa su. Har suka mutu ba wanda aka yanke wa hukuncin ɗauri saboda jinin yaron nan.

Kwatanta wannan da Medgar Evers, ɗan fafutukar haƙƙin baƙar fata a Misisipin, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a birnin Jackson ranar 12 ga Yunin 1963. An sami zanen yatsan Byron De La Beckwith a jikin madubin bindigar, amma sau biyu a 1964 masu taimaka wa alƙali, su ma duk fararen fata, suka kasa cimma matsaya. Da yake ba a wanke shi ba, ƙofa ta zauna a buɗe, matar marigayin Myrlie ta ci gaba da bin maganar, har aka same shi da laifi a 1994 yana ɗan shekara 73. Hujjar 1964 ce dai ta 1994 in ban da 'yan shaidun da suka ji shi yana alfahari da kisan. Abin da ya sauya shi ne waɗanda aka zaunar su saurari hujjar, domin a karo na uku 8 daga cikin 12 baƙaƙen fata ne. Shi ya sa ba na yarda in aka ce shari'a dama a hankali take tafiya, kamar jinkirin daga sama ya faɗo. Mutane ne suka yi jinkirin nan, kuma an san kujerun da suke kai.

Tsohon Rajistaran Kotu:
Malama, labarin Till ya girgiza ni, ban kuwa da amsar da za ta share shi. Ina nan dai a kan cewa maganin kotun da ta lalace shi ne a gyara yadda ake zaɓen masu zama a cikinta da yadda ake bincike tun farko, kafin a taɓa kariyar wanda ake tuhuma. Da an yi aikin mako biyun farko a Eltham, da ba a bukaci sauya dokar shekara 800 ba.

Uwar 'Ya'ya Huɗu:
Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan'uwana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ni hankalina yana kan mahaifiyar ne. Doreen tana da wasu 'ya'ya biyu da za ta raina a lokacin da aka kashe mata ɗan fari. Maimakon a bar ta ta yi zaman makoki, sai ta koma mai bin ofisoshi da kotuna. Ta zauna a zauren binciken musabbabin mutuwar ɗanta a Fabrairun 1997 tana kallon samarin da ake zargi suna ƙin amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Zaman ya yanke cewa samari fararen fata biyar ne suka kashe shi a harin wariya ba tare da ya tsokane su ba, jaridar Daily Mail ta buga hotunansu a shafin farko ta kira su makasa, ta ce su kai ta ƙara in ƙarya ta yi, ba wanda ya kai ta, amma duk da haka suka ci gaba da yawo a gari. Aurenta da Neville ya mutu a 1999. Sannan a 2013 wani tsohon ɗan sandan ciki ya fito ya ce an sa shi ya nemo abin da za a ɓata sunan iyalan da shi. Ku duba wannan da kyau: ana da jami'an da za a tura su leƙi asirin masu makoki.

An ba ta kujera a majalisar dattawan Birtaniya a 2013, an ware ranar 22 ga Afrilu ta kowace shekara don tunawa da ɗanta. Ban raina waɗannan ba. Amma duk uwar da ke cikin zauren nan ta san ba su ne ta fita nema ba. Saboda haka amsata ga tambayar Alhaji ita ce, hukuncin 2012 gaskiya ne, ya kuma kamata a yi shi, sai dai bai biya shekarun da aka ci mata ba, kuma babu wanda ya amsa tambaya a gaban kotu a kan waɗannan shekaru.

Malamar Tarihi:
Hajiya, maganarki ta ƙarshe ta tuna mini da wani ɗan ƙasarmu. David Oluwale ya bar Legas ya isa Ingila a 1949, aka tsinci gawarsa a kogin Aire na birnin Leeds a Mayun 1969, bayan wasu 'yan sanda biyu sun daɗe suna farautarsa da duka a wuraren da yake kwana a bakin shaguna. A takardun ofishinsu, a gurbin da ake rubuta ƙasar mutum, an sami zagin wariya. A 1971 an gurfanar da su biyun, alƙali ya sa aka jingine tuhumar kisa, aka same su da laifin duka kawai, sufeton ya sami shekara 3, sajan kuma wata 27. Da aka kafa allon tunawa da shi a gadar Leeds a 2022, ba a kwana ba aka sace shi.

Ɗan Sanda Mai Ritaya:
Alhaji, kai da kake can, ina sauran makasan Stephen? An ci gaba da neman su, ko an rufe fayil?

Mazaunin Landan:
Ranka ya daɗe, a watan Agustan 2020 rundunar 'yan sandan Landan ta sanar da cewa ta dakatar da binciken, ta ce ta bi duk hanyoyin da take da su. Da gangan ban ambaci sunayen sauran da ake zargi ba, tunda kotu ba ta same su da laifin kisan ba, ko da yake duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san su. A 2023 binciken BBC ya fito da sunan mutum na shida da ake zargi, wanda ya riga ya mutu tun 2021, ya kuma nuna cewa an kai wa 'yan sanda bayani a kansa tun da wuri amma ba a bi shi yadda ya kamata ba. A shekarar ce kuma rahoton binciken da Louise Casey ta jagoranta ya sake samun rundunar da wariyar launin fata a cikin tsarinta, shekara 24 bayan Macpherson. Norris, wanda ya yi shekaru yana musantawa, sai a 2025 da yake neman a sake shi ya amsa cewa yana wurin kuma ya kai wa Stephen naushi, amma ya ce ba shi ya riƙe wuƙar ba.

Allon nan da na tsaya a kansa ma bai tsira ba, an sha lalata shi, har an taɓa zuba masa farin fenti. Stephen kuwa ba a Ingila aka fara binne shi ba, iyayensa sun kai gawarsa Jamaika suka binne shi a can, saboda suna gudun kada a ci zarafin kabarinsa. Na yi wa ɗana alkawarin zan kai shi titin Well Hall ranar 22 ga Afrilu mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma ya roƙe ni mu hau bas daga tashar da Stephen ya tsaya a daren.